Arkiya Mai Cuku da Farantan Madrid

Rigimar farko da na ga Arkiya ta sha ƙasa a cikinta, a kan faranti aka yi ta. Ta ƙarshe ma ba ta yi nisa da faranti ba, amma ku bi ni a hankali, tsohuwa ba ta gudu.

A bakin tanderun unguwarmu ne, nan garin Tituwan, da hantsi, mata sun yi cincirindo kowa da allon burodinta a ka. Lalla Mannana, matar Si Ayyashi mai tanderun, ta hango wani shuɗin faranti irin na garin Fas a hannun Arkiya, da 'yan zaitun a ciki.

"Wannan ai nawa ne," in ji Mannana. "Tun azumi na aiko miki da dabino a cikinsa."

"Naki a ina? Uwata ce ta bar mini. A cikinsa aka ci abincin sunana."

"Ashe uwarki daga kabari take zuwa sayayya shagon da aka buɗe bara."

Arkiya ta rantse da kabarin uwarta, ta ƙara da na mijinta, ta jawo waliyyan kan dutse su ma su yi shaida. Mannana ta miƙa hannu ta karɓi farantin, ta juye zaitun ɗin a cikin malafar Arkiya, ta kifa shi. Ga ɗigon jan farce a gindinsa, alamar gidanta. Sai ta ɗaga yatsunta ta zagaya da su a gabanmu, launi ɗaya babu bambanci.

Arkiya ta dubi ɗigon, ta dube mu, ta ce, "To, uwata ma tana shafa jan farce."

Uwar da har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa takalmi ba. Muka yi ta dariya har Si Ayyashi ya manta da burodin liman a wuta.

Gaskiyar maganar, ba sata ta yi ba. Tun azumin nan ba ta sami abin kirki da za ta zuba a ciki ta mayar ba ne, kuma a wurin Arkiya gara a kira ta ɓarauniya da a ce ta mai da kwano fanko. Addininta na biyu ke nan. Kwano ya shigo da abu, ya fita da abu, ko da ƙwai biyu ne, ko ɗan sukari. Ta kan ce gidan da kwanonsa ba ya yawo, maƙabarta ce mai taga.

Daga kan dutse aka kawo ta aure cikin gari, da malafarta da zanenta mai ratsin ja da fari, kuma ba ta taɓa cire su ba don jin kunyar kowa. Mijinta mutum ne mai haƙuri ƙwarai, ya zauna a shagon shayi ya yi ta haƙuri da talauci har ya mutu a kan kujera, sai da aka zo share wurin aka lura. Ya bar mata ɗa guda, Mufaddal, da ɗaki ɗaya na haya a saman tanderu, ɗakin Mannana. Da rani ɗakin nan ɗanɗanon azabar lahira ne, da hunturu kuwa babu kamarsa a unguwar, bangon kansa ɗumi yake yi kamar cikin uwa. Da farin cuku ta yi renon yaron. Ta zauna a bakin ƙofar kasuwa da cukun a naɗe cikin ganyen kaba, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, 'yan sanda su kore ta, ta zagayo ta ɗaya ƙofar. Mufaddal ya yi karatu da cuku, ya yi takalmi da cuku, ya kuma tashi yana ƙin warin cuku kamar shi ya kashe ubansa.

Ya girma ya ƙetare teku. Aka ce ya sami aiki a Madrid a shagon tabarau, ya auri 'yar can, Rosiyo. Da rani yakan zo da mota mai ƙyalli, ya ajiye ta can nesa da kasuwa, ya sumbaci goshin uwarsa yana riƙe da numfashi.

Mannana ma tana da nata 'ya'yan a ƙetare, maza biyu a Birasels. Ba wanda ya taɓa ce mata zo. Kowa ya san tana da akwatin tafiya a saman kabad, sabo fil, da fasfo da take sabuntawa duk lokacin da ya mutu, ya sake mutuwa ba tambari ko ɗaya. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Wadda mijinta ke riƙe da burodinki a wuta ba ki taɓa mata gyambo.

Sai ga waya daga Mufaddal. Rosiyo ta haihu, hutunta ya ƙare za ta koma aiki, uwarsa ta zo. Shi "zo ki riƙe mana jariri" ya ce. Ita "zo ki zauna" ta ji. Kunnen uwa ai ba ya jin rabin magana, shi ke cika sauran.

Ta rabar da kayanta kaf. Tukwane, kofunan shayi, rariya, turmin ƙarfe, kowa ta samu. Muka ce ta ajiye wani abu, ta ce wanda zai shiga teku ba ya guzurin gishiri. Ranar tafiya ta tsaya a bakin tanderu ta wurga wa Mannana mabuɗi a ƙasa, ba a hannu ba.

"Ga ramin ɓeranki. Ki sa akuya a ciki, in akuyar ba ta da 'ya'ya a Turai."

Na ja ta gefe na ce, "Ke Arkiya, baki fa shi ke yanka wuya."

"Wuyana zai kwana a Madrid," in ji ta. "Wuƙar ta biyo jirgi."

Abu ɗaya ta tafi da shi, babban kaskon kuskus na ƙasa, naɗe cikin bargo. A cinyarta ya ƙetare teku.

Abin da ta gani can, daga bakinta na ji shi a gidan wanka tana cuɗa mini baya, kuma duk inda labarin ya yi daɗi sai fatata ta biya.

"Wallahi, 'yar'uwa, garin nan ba ya rufe baki. Ina sauka daga mota na zaci gobara ake yi, ashe gaisawa suke. Kowa a waje yake cin abinci, a tsaye, kamar duk an koro su daga gida rana ɗaya. Su ci loma a wannan shago, su wuce na gaba su ci wata, su yar da takarda a ƙasa, mai shagon yana murna. Tsofaffi irinmu da jan baki, kowace ta rataya a hannun tsohonta. Na ga wata ta girme ki, haƙoran bakinta duk na aro ne, tana rawa a dandali da rana tsaka, ba wanda ya kira mata 'ya'yanta. Cinyoyin alade a rataye jere-jere kamar an zartar wa aladun duniya hukunci. Karnuka da riguna, 'yan mata babu. Sun haƙa rami sun sa jirgi a ciki, mutum ya shiga kabari da ƙafarsa ya fito a wata unguwa. Ni da na shiga sai da na yi kalmar shahada, wani saurayi ya tashi ya ba ni kujera, na ce to ashe hisabin da sauƙi. A wani dandali kuma na ga mutum ya shafe jikinsa da fenti ruwan azurfa ya tsaya cak, ko ƙifta ido ba ya yi, ana ta zuba masa kuɗi. Na ce Allah ya jiƙan mijina, shekara da shekaru yana wannan sana'ar a shagon shayi, ko dirhami ba wanda ya jefa masa."

Kada ku zaci kushe garin take yi. Son sa ta yi, so irin na yarinya. Ta ce tun da aka haife ta ake ce mata ta rage murya, sai ga gari guda da muryarta ba ta fi ta kowa ba. Takan goya jaririn da zanenta mai ratsi ta fita da malafarta, mata su tsaya su yi wa yaron wasa, mai sayar da lemo ya ƙara mata ɗaya, ta zage shi da Larabci ya rama da nasa yaren, su rabu suna dariya. Ta yanke a ranta a nan za ta mutu, kuma ba da wuri ba.

Kuskurenta ɗaya. Ta ga mutanen da ke ci tare a titi, suna ihu tare, suna sumbatar juna a kumatu, sai ta ɗauka haka ƙofofinsu suke. Ba ta san titi daban, ƙofa daban ba.

Gidan da Mufaddal ke ciki dogon bene ne, kowane hawa da ƙofofinsa. Arkiya ta lura tun zuwanta ba kwanon da ya shigo, ba wanda ya fita, alhali ga jariri a gida. Ta auna ta ce ai laifinsu ne, baƙo ya zo bai yi sallama ba. Ran Juma'a, ɗanta da matarsa sun tafi aiki, ta ɗora tukunya. Kuskus da rago da kabewa da albasa mai zaƙi, ta turara shi ta murza ta sake turarawa, ƙamshi ya bi matakala har rufi. Sai maganar abin zubawa. A falo akwai kabad na gilashi, cike da fararen farantai masu bakin zinariya. Na kakar Rosiyo ne, marigayiya, ba a taɓa cin komai a cikinsu ba. A wurin Arkiya farantin da ba a ci a cikinsa gunki ne, kuma ita ba ta zama gida ɗaya da gumaka.

Amma ta yi karatu a hannun Mannana. Kafin ta zuba komai sai da ta nemo jan farcen Rosiyo, ta kifa farantan ɗaya bayan ɗaya ta ɗiga wa kowanne a gindi. Wannan karon ba mai kunyata ta.

Ta goya yaro ta bi ƙofa-ƙofa. Wani ya leƙo ta bayan sarƙa ya rufe. Wata ta ɗauko jaka za ta biya, Arkiya ta kusa kifa mata shi a ka. Wasu samari 'yan makaranta suka karɓa da murna, suna ci tun a tsaye. Sauran suka karɓa kamar an miƙa musu jaririn wani. Ta dawo ta zauna jiran kwanonta, zuciya fari.

Asabar shiru. Lahadi aka sami ɗaya a ajiye a bakin ƙofa, abincin na ciki yadda yake, karen wani ya riga ya yi bismilla. Na samarin nan ya zama wurin zuba tokar taba. Sai ga wata tsohuwa daga hawa na sama, Donya Enkarna, ta ƙwanƙwasa da murmushi har kunne, ta miƙo faranti a wanke tas, yana ɗaukar ido, babu ko ƙwayar sukari a ciki. Baiwar Allah godiya ta zo yi. Amma ku kun san abin da wannan ke nufi a lungunmu: na ci, na wanke, kada ki ƙara. Arkiya ta bi ta har matakala. Yarensu da ta iya na kasuwa ne, farashin cuku da zagi, kuma ranar ba ta yi maganar farashi ba.

Hayaniyar ce ta fito da Rosiyo, ta ga farantin kakarta a hannun maƙwabciya, ta waiga ta ga kabad wayam. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Arkiya ta ce yarinyar ko hararar ta ba ta yi ba, har ma da ta ga ɗigon jan farcen sai dariya ta ƙwace mata cikin hawaye. Matsalar ba daga 'yar mutane ta zo ba.

Mufaddal ya fita karɓo farantai. Uwarsa ta bi shi a baya ba da saninsa ba, ta tsaya a kan matakala inda take hango shi. A ƙofar farko ya rusuna, ya yi murmushi, ya yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗaga yatsa ya ɗora a gefen kansa ya murza. Mai gidan ya gyaɗa kai cikin tausayi. Ƙofa ta biyu haka. Ta uku haka. Wannan ba ya bukatar tafinta.

Daga ranar maƙwabta suka zama masu kirki. Suna yi mata magana da ƙarfi a hankali, suna shafa mata kafaɗa, Donya Enkarna har da kawo mata alewa, a takarda. Sai aka fara tare Rosiyo a matakala ana tambayar ta, anya ya dace a bar jariri a hannun mai ruɗewa, tana hawa da sauka da shi ɗaure a tsumma? Ba a jima ba aka sama wa yaron gidan reno. Da aka kwance goyon daga bayanta, an kwance zamanta ke nan.

Mufaddal ya same ta a kicin tana wanke kaskonta.

"Yemma, uwata, sanyi na tafe. Sanyin garin nan ƙafafunki ba za su iya da shi ba."

"Ƙafafun nan sun hau dutse da kai a baya da cuku a ka."

"Nan ba kan dutse ba ne."

"Na gani. Me kake nuna musu da yatsa?"

"Ni? Kaina nake sosawa."

"A kowace ƙofa? Ashe ƙwarƙwatar da na yi ta cire maka ta biyo ka har Turai."

Bai yi dariya ba. Ya saya mata babbar rigar sanyi mai tsada, ya kai ta tasha, ya sumbaci goshinta yana riƙe da numfashi. Kuma don ɗa ne mai tunani, sai da ya buga wa Mannana waya ya roƙi a mayar wa uwarsa ɗakinta, ya yi bayani dalla-dalla cewa kanta ya ɗan taɓu, a riƙa haƙuri da ita. Wuƙar ba ta ma jira jirgi ba, ta waya ta zo. Kafin Arkiya ta sauka a tashar jirgin ruwan Sabta, har kurma a unguwarmu ya ji.

Ta shigo lungu da rigar sanyi a kan zanenta, da kasko a rungume, babu komai a ciki. Muka fito tarba, ba wadda ta bari aka ba ta labari. Ta ce sanyi ne ya koro ta, ɗanta har da kuka yana roƙon ta zauna. Ta ba mu labarin mai fentin azurfa da karnuka masu riga, muka yi dariya, rabi don labarin, rabi don matan da ke bayanta suna murza yatsa a gefen kai. Kayan da ta rabar kuwa, sai ga unguwa guda ta kamu da mantuwa. Wace rariya? Wane turmi? Ai ke ce kike ruɗewa, Arkiya.

Na shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin matakalata. Wurin yana tsatsafar da ruwa in an yi ruwan sama, kuma Tituwan in ta fara ruwan hunturu ba ta san gajiya ba. Gwiwoyinta suka kumbura, tari ya kama ta. Daga inda take kwance tana hango hayaƙin tanderu yana tashi ta gefen tagar ɗakinta, inda yanzu buhunan gari ke shan ɗumi.

Si Ayyashi ya so ya ba ta ɗakin. Amma mabuɗin yana rataye a wuyan Mannana, kuma ta faɗi kuɗinsa. Ba dirhami take so ba. Arkiya ta zo bakin tanderu ran Juma'a, lokacin da mata suka fi cika, ta faɗi magana biyu da bakinta: ramin ɓera ya fi Madrid, kuma ɗanta ne ya koro ta.

Na ce mata, "Je ki faɗa. Magana iska ce, tari kuwa ƙasa yake kai mutum. Ɗan naki ma ai ya sayar da ke a ƙofofi da yawa, ke a ƙofa ɗaya za ki sayar da shi."

Ran Juma'a ta ɗaura zanenta, ta kifa malafa, ta tafi tana dafa bango.

Ban taɓa ganin unguwarmu da son burodi kamar ranar ba. Har waɗanda ba su kwaɓa ba sun zo da allo. Mannana ta sa an fito mata da kujera, ta ciro mabuɗin daga wuya tana kaɗa shi a yatsa.

"Marhaba da mutanen Turai. An ce kina da saƙo."

"Ramin ɓera," in ji Arkiya, idonta a kan mabuɗin, "ya fi Madrid."

"Ku ji, mata. Ƙara ɗaga murya, na ji an ce can ba a hana ki."

Ta maimaita da ƙarfi. Ta miƙa hannu.

"Saura ɗaya."

"Ɗana..." Tari ya sarƙe ta. Muka jira, ba wadda ta kawo ruwa. "Ɗana Mufaddal..."

Da Mannana ta yi shiru, na rantse da ta samu abin da take so, don na ga leɓen Arkiya ya fara haɗa kalmar. Amma wanda ya daɗe yana jiran nama ba ya bari ya huce.

"Faɗi mana, mai addinin kwano. Ke da ba kya mai da na mutane fanko, ga shi an aika da ke cike da baki, an lashe ki, an wanke, an maido ki ko ƙwayar sukari babu."

Aka kwashe da dariya. Arkiya ta dubi hannunta da ke miƙe, ta janye shi a hankali ta goge a zane. A nan na san a ƙarƙashin matakalata za ta mutu, kuma can ɗin ta mutu, hunturun da ya biyo baya, da rigar Madrid a lulluɓe. Ta gyara malafarta, ta jira dariyar ta lafa, yadda take jiran mai taya cuku ya gama surutunsa.

"Gaskiyarki, Lalla Mannana, an maido ni. Amma ni dai an aika da ni, na shiga gidan mutane, an ci a cikina. Kwanon da ba ya fita daga gida guda ɗaya ne a duniya, shi ne na fitsari, kuma in baƙi sun zo ƙarƙashin gado ake tura shi."